Ed Cole: Injiniyan da Ya Bar wa Makanikai Wurin Sa Hannu

Mai karatu, a ganina ba a auna girman mai ƙira da abin da ya gama kaɗai, har da abin da ya bari wasu su ɗora a kai. Wannan ne ya sa na ɗauko tarihin Edward Cole, wanda aka fi sani da Ed Cole.

An haife shi a shekarar 1909 a ƙauyen Marne na jihar Mishigan ta Amurka, ya tashi a gidan manoma. Ya koyi aikin injiniya a makarantar kamfanin General Motors, ya fara aiki a sashen Cadillac, inda ya taka rawa wajen ƙera injin 1949 mai silinda takwas da aka jera gida biyu kamar harafin V. A 1952 ya zama babban injiniyan Chevrolet. A 1955 shi da mutanensa suka fitar da ƙaramin injin V8 mai lita 4.3, marar nauyi, mai araha, mai sauƙin kwancewa.

Hikimar wannan inji ita ce 'ya'yansa da jikokinsa sun riƙe ma'auni guda, don haka kayan wani kan shiga cikin wani. Sai makanikai suka ɗauko karanshaf na injin da ake kira 400, suka rage shi, suka dasa a gangar 350, bayan sun ɗan faɗaɗa silindojin. Tafiyar fistan ta tashi daga inci 3.48 zuwa 3.75, cikin injin ya ƙaru daga lita 5.7 zuwa 6.3, aka sami 383. Doguwar tafiya na ƙara ƙarfin murɗa ƙafafu tun inji bai yi gudu ba, sai dai fistan kan fi wahala idan aka matsa masa. Zuwa 2011, an ƙera injinan wannan zuriya miliyan 100.

Amma fa ba a rasa nono a ruga. Motarsa Corvair ta sha suka, musamman a littafin Ralph Nader na 1965, wanda ya zarge ta da haɗari a kwana. Duk da haka ya shugabanci General Motors daga 1967 zuwa 1974. A nan ya yi abin da na fi jinjina masa: mutumin da ya yi suna da ƙarfin inji, shi ne ya umarci a rage matsin injinan kamfanin daga 1971 domin su sha fetur marar dalma, abin da ya share fagen na'urar tace hayaƙi. Ya rage armashin abin alfaharinsa saboda lafiyar jama'a.

Ya rasu a watan Mayun 1977, lokacin da ƙaramin jirgin da yake tuƙawa ya faɗi a Mishigan. Shin shugabanninmu nawa ne ke gina abin da na baya zai iya faɗaɗawa, ko su sassauta wa aikinsu idan ya fara cutarwa? Allah Ya sa mu dace.