Nikola Tesla: ya bar lakwal ba takarda, amma bai bar darasin ba

A fada, idan hira ta kai kan amfanin boko, ba a rasa matashin da zai kawo sunan Nikola Tesla, ya ce ai mutumin bai gama karatu ba, ga shi duniya na cin moriyarsa. Rabin maganar gaskiya ne. Fankar da ke juyawa a ɗakunanmu da injin niƙa mai aiki da kuran duk jikokin aikinsa ne, kuma bai fita makarantar injiniyoyi da difloma ba. Ɗaya rabin, wanda ba a cika faɗi ba, shi ne a cikin aji aka haifi wannan aiki.

An haife shi ranar 10 ga Yuli 1856 a ƙauyen Smiljan, cikin ƙasar Kuroshiya ta yau, lokacin tana ƙarƙashin daular Ostiriya. Mahaifinsa limamin coci ne, ɗan ƙabilar Sabiya, kuma burinsa ɗan ya gaje shi. Kwalara ce ta raba gardama. Bayan ya gama sakandare ta kwantar da shi wata tara, har aka fid da rai, sai uban ya yi alkawarin in ya tashi zai kai shi karatun injiniya. A 1875 ya shiga babbar makarantar fasaha ta birnin Graz da tallafin karatu na hukuma.

Shekarar farko ya yi ta kamar mai biyan bashi. Ya ci jarrabawa tara, kusan ninki biyu na abin da ake nema, kuma a yadda shi ya ba da labari, yakan fara aiki ƙarfe uku na dare, sai goma sha ɗaya na wani daren ya ajiye. A zamanin, ilimin lantarki bai zama fanni mai zaman kansa ba. Cikin darasin fizik ake koyar da shi, wurin wani farfesa mai suna Jakob Pöschl.

A shekara ta biyu aka kawo wa ajin wani inji daga Paris, ƙirar Zénobe Gramme. In an juya shi ya ba da wuta, in an ba shi wuta ya juya. Sai dai yana aiki ne da kuran mai bin hanya ɗaya, irin na batir, don haka dole a sa masa wani zoben tagulla mai tsage-tsage, da burushi masu gogarsa, su riƙa juya wa wutar hanya. Masu gyaran injuna a garuruwanmu sun san wurin sarai, nan ne gawayin inji yake cinyewa. Ranar da Pöschl ya tada injin, burushin suka yi ta tartsatsi. Tesla ya ce a ganinsa ana iya yin inji ba da wannan zoben ba. Malamin bai share zancen ba: ya tsaya ya warware wa ajin dalilan da suka sa yake ganin abin ba zai taɓa yiwuwa ba.

Ana yawan ba da labarin nan don a yi wa malamin dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Pöschl ya yi kuskure, amma shi ya ajiye injin a gaban yaron, shi ya nuna masa daidai inda katangar take. Wanda bai san dokokin maganaɗisu da lissafinsu ba, ko tartsatsin ya gani, zai ɗauka haka Allah ya yi injin.

Daga nan al'amura suka lalace. A shekara ta uku ya daina zuwa aji, ya faɗa caca, tallafin ya tsaya. A Disamba 1878 ya bar Graz bai gaya wa gida ba, ya kama aikin zanen injuna a Maribor. Cikin Maris 1879 ƴan sanda suka mayar da shi gida saboda ba ya da takardar zama, bayan wata ɗaya mahaifinsa ya rasu. Ya sake gwada karatu a Prag a 1880, amma ɗan sauraro kawai ya zama, ba maki ba sakamako.

Tambayar ajin Pöschl kuwa ba ta sake shi ba. A 1882, yana aiki a gidan tarho na Budapest, amsar ta zo masa. Kuran mai kai-da-komo, irin wanda ke shigowa gidajenmu yana zagaye 50 cikin daƙiƙa ɗaya, shi da kansa yake sauya hanya, ba ya bukatar zobe. Idan aka zuba irinsa biyu cikin naɗin waya daban-daban, ɗaya na ɗan bin bayan ɗaya kamar mata biyu masu lugude a turmi guda, ƙarfin maganaɗisun da suke haifarwa sai ya riƙa kewayawa, ya ja ƙarfen tsakiya ya juya tare da shi. Babu goga, babu tartsatsi. Shekara biyar ke nan da ranar gardamar.

Sanin abu daban, samun mai saurare daban. Ya yi aiki a kamfanin Edison na Paris, ya haɗa samfurin injinsa na farko a Strasbourg a 1883, bai sami mai zuba kuɗi ba. A 1884 ya sauka New York, ya yi wata shida wurin Edison suka rabu. Waɗanda ya kafa kamfani da su daga baya suka karɓe takardun mallakar ƙirƙirarsa suka watsar da shi, har ya koma haƙar rami a kan dala biyu a yini. Sai a Mayu 1888 ya sami takardar mallakar injin, a Yuli kuma George Westinghouse ya sayi izinin ƙera shi. A 1896 wutar da aka samar daga ruwan Niagara ta isa birnin Buffalo bisa wannan tsari.

Adalci ya sa a ce ba shi kaɗai ya gano hanyar ba. Galileo Ferraris, malamin jami'a a Turin ta Italiya, ya kai ga wannan dabara shi ma a gefensa, kuma injin mai waya uku da masana'antu ke amfani da shi yau ya ɗauki siffarsa ne a Jamus, hannun Mikhail Dolivo-Dobrovolsky, wanda ya yi karatun lantarki a Darmstadt.

Ƙarshen Tesla bai yi daɗi ba. Ya saki haƙƙin kuɗin da Westinghouse ke biyansa a kan kowane inji. Ya karɓi dala 150,000 wurin attajiri J. P. Morgan don gina hasumiyar aika saƙo da wuta ba waya, aikin ya tsaya, aka rushe hasumiyar a 1917. Ya ƙare rayuwarsa daga wannan otal zuwa wancan da bashi a wuya, yana ciyar da tantabaru. A 1937 makarantar Graz ta ba shi digirin girmamawa na dokta, kusan shekara 60 bayan fitarsa. Ya rasu ranar 7 ga Janairu 1943 a ɗakinsa na otal ɗin New Yorker, shi kaɗai, yana da shekara 86.