Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Hisabi

Idan muka kewaya makarantun Gaya da Ajingi mukan ji yara suna ta faɗin sifiri, sulusi, rubu'i, ashirin, talatin, har wasu malamansu na tsammani boko ne ya zo da kalmomin. Ko kusa. Na Larabci ne, daga bakin malaman zaure da fatake muka same su. Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa ta yi wani gwanin hisabi wanda har Masar aka san shi.

Shi ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillacen Katsina, wanda Larabawa ke kira Alkashinawi. Ya yi karatu wajen Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi, ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira.

A 1732 ya gama littafinsa Bahjatul Afaƙ, a kan ilmin aufaƙi, watau abin da muke kira hatimi. Mu mun ɗauki hatimi kayan tsibbu ne kurum, amma akwai lissafi sosai a cikinsa. Mafi ƙanƙanta yana da gida tara: a zuba 1 zuwa 9, kowane layi, tsaye ko kwance ko a karkace, ya ba da 15. Malamin ya bayyana ƙa'idojin cika manyansu masu gidaje mara.

Ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti, uban mashahurin marubucin tarihin Masar. Shi ya bar wa littattafansa. Allah ya jiƙansa.