Abubakar Tafawa Ɓalewa da ginin ƙungiyoyin ƙasashe

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana da kaya a Kongolam, kan hanyar Daura zuwa Damagaram, ya san cewa shawarar da shugabanni suka yanke a wani zauren taro mai nisa tana iya tsayar masa da ciniki. An ga haka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da ECOWAS ta sa aka rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Dokokin da ke tafiyar da irin waɗannan ƙungiyoyi suna da asali, kuma cikin waɗanda suka aza harsashinsu a Afirka akwai Firayim Ministan Najeriya na farko, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa.

An haife shi a shekarar 1912 a ƙasar Bauchi, a gidan da ba na sarauta ba. Bayan karatun allo da na elementare ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933 ya koma Bauchi yana koyarwa a makarantar midil, har ya zama shugabanta. A waɗannan shekaru ne ya rubuta littafin Shaihu Umar. Ya yi shekara guda yana ƙaro ilimin koyarwa a Landan daga 1945, da ya dawo kuma aka zaɓe shi Majalisar Arewa.

Gyaran hukuma shi ne abin da ya fara fito da sunansa. A 1950 ya gabatar da ƙuduri a majalisar Kaduna yana neman a sake tsarin En'e, a bai wa talaka ta cewa, a kuma rage ikon da ke hannun mutum ɗaya. Maganar ta yi wa sarakuna nauyi, amma aka bincika, aka kuma soma gyara sannu a hankali. Halin da ya nuna ran nan shi ya bi har ƙarshen rayuwarsa: a gyara gida ana cikinsa, ba tare da an rushe shi ba. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya na Sufuri, inda ya shaƙu da sha'anin layin dogo da jiragen ruwa, sannan ya zama Firayim Minista a 1957.

Ranar 7 ga Oktoba 1960, mako guda da samun 'yanci, ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya yayin da aka karɓi Najeriya a matsayin ƙasa ta 99. Majalisar da ya tarar an tsara ta ne a 1945, lokacin da yawancin Afirka ke hannun Turawa. Kwamitin Sulhu yana da kujeru 11, babu wani kaso tabbatacce na sababbin ƙasashen nahiyar. Gwamnatinsa, ta hannun ministan harkokin waje Jaja Wachuku, ta shiga sahun ƙasashen Afirka da Asiya masu neman a faɗaɗa kwamitin. Babban zauren ya amince a Disamba 1963, gyaran ya fara aiki a 1965, kujeru suka zama 15, Najeriya kuma ta hau ɗaya a 1966. Kujerun dindindin biyar masu ikon hawa kujerar na-ƙi ba a taɓa su ba, kuma tun daga wannan gyara ba a sake ƙara ko kujera ɗaya ba.

A cikin gida Afirka ne aikinsa ya fi zurfi. Shugabannin nahiyar sun rabu biyu. Rukunin Kasabalanka, wanda Kwame Nkrumah na Ghana ya fi kowa ɗaga murya a cikinsa, yana son gwamnatin tarayya guda da rundunar soja guda nan take. Ɓalewa yana cikin jagororin rukunin da ya taru a Monrobiya a Mayu 1961, ya sake taruwa a Legas a Janairu 1962. A ganinsa, ƙasar da ta karɓi tuta jiya ba za ta miƙa ta yau ba, don haka ƙungiyar da aka ɗora wa abin da mambobinta ba za su iya ɗauka ba, takarda ce kawai. Ya fi son a fara da hanyoyi, da waya, da ciniki, da makarantu, a bar haɗewar siyasa ta biyo baya. Da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa ranar 25 ga Mayu 1963, wannan ra'ayi ne ya rinjaya: ƙasashe duka daidai suke, ba mai tsoma baki a harkar cikin gidan wata. A taron Alƙahira na 1964 aka ƙara da cewa iyakokin da Turawa suka bari su tsaya yadda suke. Layin da ya ratsa tsakanin Daura da Damagaram, ya raba dangi da kasuwanni, yana cikin waɗanda wannan shawara ta tabbatar.

Ribar wannan tsari ita ce ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta, kuma yaƙin iyaka bai yawaita ba. A ƙarƙashinsa ne aka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, tsakanin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, irin ƙaramar ƙungiya mai aiki takamaimai da yake so. Hasararsa ta bayyana daga baya. Ƙa'idar hana tsoma baki ta zama laima ga masu juyin mulki da azzaluman shugabanni, har aka yi kisan Ruwanda na 1994 ƙungiyar tana kallo. Sai a dokar kafa Tarayyar Afirka, wadda ta gaje ta a 2002, aka rubuta cewa ana iya shiga ƙasa idan ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi.

A ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ma ya sa hannu. Yana cikin waɗanda suka matsa wa Afirka ta Kudu a taron Landan na Maris 1961 har ta fice saboda wariyar launin fata. A Janairu 1966 ya kira taron shugabannin ƙungiyar a Legas kan tawayen Turawan Rodeshiya, karo na farko da aka yi irinsa a wajen Landan. Sai dai a lokacin gidansa na ci da wuta: rikicin zaɓen 1964 bai lafa ba, Jihar Yamma kuma ta rikice bayan zaɓen 1965, masu sukarsa na cewa ya yi jinkirin ɗaukar mataki.

Kwanaki kaɗan da watsewar taron, daren 15 ga Janairu 1966, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a bakin hanya, aka kai shi Bauchi aka binne. Ƙungiyar da ya taimaka wajen ginawa ta ci gaba da zama da gwamnatin sojan da ta biyo baya, bisa ƙa'idar da shi kansa ya kare. Hotonsa yana jikin takardar naira biyar, kabarinsa kuma wurin ziyara ne a birnin Bauchi. Allah Ya jiƙansa da rahama.