Tarihin Alfred Büchi, Wanda Ya Ƙago Zugazugin Inji

Masu karatu, da wuya a yau a sami babbar motar ɗaukar kaya a kan hanya, ko jirgin fatauci a cikin teku, wanda babu wani ƙarfe mai siffar dodon koɗi a manne da injinsa. Makanikai suna kiransa turbo. Mu kuwa za mu kira shi zugazugin inji, gama aikinsa ɗaya ne da na zugazugin maƙera, watau hura wa wuta iska don ta ƙara ci. Mutumin da ya ƙago shi sunansa Alfred Büchi. Tarihinsa ya cancanci a sani, domin matsalar da ta tsare shi shekara da shekaru, watau yadda za a mallaki ƙarfin iskar da ake dura wa inji, ita ce har wa yau take damun masu gyaran motocin tsere.

Asalinsa

An haifi Büchi ran 11 ga watan Yuli 1879 a Winterthur, wani garin masana'antu da ke arewacin ƙasar Suwizalan. Ubansa yana cikin manyan ma'aikatan kamfanin Sulzer, wanda ya shahara wajen ƙera injuna. A wannan shekara kuwa wani saurayi ɗan makaranta mai suna Rudolf Diesel ya zo Winterthur koyon aikin hannu a kamfanin nan. Shi ne daga baya ya ƙago injin dizal, wanda Büchi zai ƙare rayuwarsa wajen kyautata shi.

A 1899 Büchi ya shiga babbar makarantar koyon injiniya ta Zurich, ya fita a 1903. Daga nan ya tafi neman ƙarin sani, ya yi aiki a Beljiyam da Ingila. Tun yana saurayi abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Ya lura cewa a cikin zafin da mai yake bayarwa in ya ƙone a inji, wajen kashi biyu cikin uku asara ake yi, wani ya bi ruwan sanyaya inji, wani ya fita ta bututun hayaƙi. Mutane suna ganin hayaƙi ba shi da wani amfani, shi kuwa ya ga ƙarfi ne ake zubarwa a banza.

Dabarar 1905

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu fahimci yadda inji yake samun ƙarfi. A cikin kowace silinda akan haɗa mai da iska, su kama wuta, su tura fistan. Mai ba ya ci sai da iska, saboda haka yawan iskar da silinda ta samu shi ne iyakar man da za ta iya ƙonawa. Injin da babu zugazugi yakan shaƙi iska da kansa, ba ya kuwa samun fiye da abin da nauyin iskar sarari ya tura masa. Wannan nauyi a bakin teku ya kai wajen laba 14.7 a kan kowane inci murabba'i, shi ne kusan abin da ake kira bar 1.

Dabarar Büchi ita ce a sa farfela a hanyar hayaƙi, hayaƙin ya riƙa juya ta, ita kuma ta juya wata farfela wadda za ta matsa sabuwar iska ta dura wa silinda. Ya kuma san cewa iska in an matse ta takan yi zafi, saboda haka ya shirya a sanyaya ta kafin ta shiga. A watan Nuwamba 1905 aka yi masa rajistar wannan dabara a Jamus, yana da shekara 26 da haihuwa.

Shekarun Jira

Rubuta dabara a takarda daban, ƙera ta daban. A 1909 Büchi ya kama aiki a kamfanin Sulzer, sashen binciken injunan dizal. A 1911 aka buɗe wurin gwaji, a 1915 ya fito da samfurin farko. Amma abin bai karɓu ba, gama ya kasa riƙe matsin iska yadda ake bukata. Dalili kuwa a fili yake. Ƙarafan zamanin ba su jure zafin hayaƙi sosai, farfelun kuma ba su kai ga ƙwarewar da ake so ba, sai ƙarfin da hayaƙi ya bayar ya ƙare a hanya kafin ya zama iska mai amfani.

Ana cikin haka sai Yaƙin Duniya na Farko ya sa waɗansu ƙasashe suka shiga neman irin wannan dabara saboda jiragen sama, don in jirgi ya yi nisa a sama iska takan yi ƙaranci, inji ya raunana. A Faransa Auguste Rateau ya gwada zugazugi a injunan jirage. A Amurka kuwa, a 1918, Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau da injin jirgi kan dutsen Pikes Peak, mai tsawo fiye da ƙafa 14,000, ya nuna cewa da zugazugi injin yana ba da ƙarfin da yake bayarwa a ƙasa. Masu jirage su ne suka fara cin karo da ɗaya gefen matsalar. Zugazugin da ya ishi inji a can sama, in aka bar shi ya yi aikinsa duka a kusa da ƙasa, sai ya dura iskar da ta fi ƙarfin injin. Dole aka yi wa hayaƙi wata ƙofa ta gefe wadda za a buɗe ya wuce ba tare da ya taɓa farfela ba. Mu riƙe wannan ƙofa a zuci, za mu komo kanta.

Büchi bai fid da rai ba. Tun 1915 ya fara magana da kamfanin Brown Boveri na garin Baden, ba su daidaita ba sai 1923. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Nasara A Teku

A 1923 Gwamnatin Jamus ta ba da aikin ƙera jiragen fasinja biyu, Preussen da Hansestadt Danzig, don zirga-zirga a Tekun Baltik. Kowane jirgi an sa masa injin dizal biyu masu silinda goma goma. Da aka ɗaura musu zugazugi bisa tsarin Büchi, sai ƙarfin kowane inji ya tashi daga ƙarfin doki 1,750 zuwa 2,500, watau ƙarin fiye da kashi 40 cikin 100, ba tare da an ƙara girman injin ba. Shekara ashirin ke nan bayan rajistar dabararsa. A 1926 aka kafa wata ƙungiya wadda ta haɗa shi da Brown Boveri da kamfanin ƙera kan jirgin ƙasa na Winterthur, don yaɗa aikin.

Ya kamata mu lura da dalilin da ya sa nasara ta fara zuwa a teku. Injin jirgin ruwa yakan yi kwana da kwanaki yana juyi iri ɗaya, hayaƙinsa bai cika canzawa ba, saboda haka matsin iska yakan zauna daidai. Injin dizal kuma iska zalla yake matsawa, sai a ƙarshe a fesa mai, don haka yana jure matsi mai yawa. Mota kuwa ba haka take ba. Yanzu direba ya taka, an jima ya saki, hayaƙi yana hawa yana sauka. Shi ya sa dabarar ta bi ta jiragen ruwa da na ƙasa tukuna. Sai a 1938 kamfanin Saurer na Suwizalan ya fito da injin babbar mota mai zugazugi. A shekarar nan kuma tsohuwar makarantarsa ta Zurich ta ba Büchi digirin dakta na girmamawa.

Yana da rai dabararsa ta fara shiga filin tsere. A 1952, a tseren mil 500 na Indianapolis a Amurka, wata mota mai injin dizal na Cummins da zugazugi ta fi kowace gudu a gwajin share fage, aka ba direbanta Fred Agabashian wurin farko a layi. Amma kafin a kai rabin tseren, ƙura da ɓarɓashin taya suka toshe bakin zugazugin, motar ta fita. Büchi ya rasu ran 27 ga watan Oktoba 1959, yana da shekara 80.

Abin Da Ya Biyo Baya

Shekara uku da rasuwarsa, a 1962, aka fara sayar da ƙananan motoci masu zugazugi a Amurka, watau Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. A 1968 Bobby Unser ya ci tseren Indianapolis da inji mai zugazugi. A 1977 kamfanin Renault ya shigar da shi babban tseren duniya na Formula 1, ya sha dariya saboda yawan lalacewar injinsa, har 1979 da Jean-Pierre Jabouille ya ci tseren Faransa a Dijon. Daga nan kowa ya bi sahu. Zuwa 1986 ƙaramin inji mai lita ɗaya da rabi yana ba da fiye da ƙarfin doki 1,000 a gwajin share fage.

Büchi ya yi fama da ƙarancin matsi, ga shi yanzu matsi ya yi yawa har ya zama haɗari. Hukumar tsere ta sa doka a 1987 cewa kada matsi ya wuce bar 4, ta kuma ɗaura wa kowace mota wani bawul mai buɗewa da kansa in an ƙetare iyaka. A 1988 ta rage zuwa bar 2.5, a 1989 ta hana zugazugi ɗungum. Bai komo wannan tsere ba sai 2014.

Linzamin Inji

To, yaya mai gyaran motar tsere yake mallakar wannan ƙarfi? Da ƙofar nan ta gefe da muka ambata. Ƙofar tana rufe da sifirin. Akwai siririn tiyo da yake kai matsattsiyar iska zuwa wata ƴar tukunya mai fata a ciki. Muddin matsi bai kai iyaka ba, sifirin yana riƙe da ƙofa, hayaƙi duka yana bi ta farfela. Da zarar matsi ya rinjayi sifirin, sai fatar ta tura sanda, ƙofa ta buɗe, wani hayaƙin ya zagaye, gudun farfela ya tsaya a nan.

Wanda yake son ƙarin matsi yakan sa sifirin mai tauri, ko ya sa ɗan bawul a kan tiyon nan wanda zai tsiyayar da wani ɓangare na iskar, don ƙofa ta yi jinkirin buɗewa. Na zamani kuwa bawul ne mai aiki da lantarki, wanda kwamfutar mota take buɗewa tana rufewa sau da yawa a daƙiƙa guda. Da shi ana iya rage matsi a ƙananan giya don kada tayoyi su riƙa zamewa, a ƙara shi a manyan giya. Amma kwamfuta ba ta iya saukar da matsi ƙasa da abin da sifirin ya yanke. In kuma ƙofar ta yi ƙanƙanta, ko an buɗe ta duka hayaƙi ba zai sami isasshiyar hanya ba, sai matsi ya yi ta hawa yayin da inji yake ƙara juyi.

Haɗarin yana ga injin fetur. In matsi da zafi suka yi yawa, sauran man da ke cikin silinda yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, a ji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. In abin ya daɗe, fistan yakan tsage ko ya narke. Saboda haka duk wanda ya ƙara matsi dole ya ƙara man da ake fesawa, ya nemi fetur mai jure matsi, ya jinkirta wutar fulogi, ya kuma faɗaɗa abin sanyaya iska, wanda Büchi ya tanada tun 1905. A farkon shekarun 1980 kamfanin Saab na Suwidin ya fito da na'urar da take sauraron ƙwanƙwasar nan, in ta ji sai ta rage matsi da kanta. Masu hankali a filin tsere sukan kuma tuna cewa matsin da inji zai jure na daƙiƙa goma ba shi ne zai jure na rabin sa'a ba, gama zafi yana taruwa zagaye bayan zagaye. Don haka sukan tsayar da matsi ƙasa da iyakar injin, su ƙara shi kaɗan kaɗan suna duban ma'auni.

Wannan shi ne gadon Alfred Büchi. Ya ga dukiya a cikin hayaƙin da kowa yake zubarwa, ya yi haƙurin shekara ashirin kafin duniya ta yarda da shi. Waɗanda suka gaje shi kuwa sun shafe shekaru fiye da haka suna koyon yadda za su tsare ƙarfin da ya buɗe musu. Malamai za su sami abin faɗa wa almajiransu a nan: doki kome ƙarfinsa, in babu linzami a bakinsa, mahayinsa ne farkon wanda zai kayar.