Audu Bako: Gwamnan da ya tsare Kogin Kano

Idan damina ta yi nisa, Kogin Jama'are yakan cika ya tumbatsa, ya malale fadamun ƙasar Itas da Gadau da Katagum, sa'annan ya janye ya bar wa manomi laka, makiyayi ciyawa, masunci kuma kifi a tafkuna. Haka ɗan'uwansa Kogin Haɗeja yake yi a da, kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga. Mutumin da ya gina ta shi ne Alhaji Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano.

An haifi Audu Bako a Kaduna a shekarar 1924, a gidan ɗan sanda, domin mahaifinsa ya daɗe yana wannan aiki. Ya yi karatu a Kaduna da makarantar Midil ta Zariya, ya shiga aikin ɗan sanda a 1942. Ya koyar da dokoki a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, daga baya aka ɗora masa kula da 'yan dokan En'e na Arewa, aikin da ya sa ya san sarakuna da hakimai da halin talakawansu. A watan Mayun 1967 Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, ya ba shi Kano, wadda a lokacin ta haɗa da ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991.

Ya tarar da jiha mai ɗimbin jama'a wadda abincinta ya rataya a kan damina ta 'yan watanni. Ruwa ya sauka, ya bi koguna ya wuce, rani ya zo matasa su tafi cin rani. Audu Bako ya ƙudurta cewa sai an tsare wannan ruwa. Aka fara da Bagauda, sa'annan aka shiga Tiga a 1971 aka gama a 1974, tafkin da aka tsara zai ɗauki ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Aikin ya faɗo daidai da babban farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, lokacin da dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare, don haka ba wanda ya ga dalilin yi masa gardama. Daga Tiga aka ja magudanai zuwa Kadawa da Kura, inda yau ake noman shinkafa da tumatir da alkama da rani, kuma birnin Kano na sha daga ruwan. Shi ne kuma ya kafa gidan namun dajin Kano da ke ɗauke da sunansa. Duk wanda ya ga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a lokacin kakarta ya san ba a banza Kanawa suke yi masa addu'a ba.

Sai dai ruwan da aka tsare a sama akwai masu jiransa a ƙasa. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya sadu da na Jama'are a kusa da Gashuwa, su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. A tsakani akwai dausayin Haɗeja da Nguru, inda ambaliyar shekara-shekara ce jarin kowa. Bayan Tiga, da fari da ya yi ta maimaituwa, da madatsar Challawa da aka kammala a 1992, faɗin ƙasar da ambaliya ke rufewa ya ragu ƙwarai. Wani abin kuma da ba a yi tsammani ba ya biyo baya: ruwan da ake saki da rani domin ban ruwa ya hana hanyoyin kogin bushewa, ciyawar kachalla ta samu wurin zama. Ta kama laka, ta toshe magudanai, ta karkatar da ruwa zuwa mashigin Marma ta wajen Nguru, inda ya cinye gonaki, alhali wasu garuruwan suna kallon busasshen rafi. Cikinta kuma tsuntsayen jan-baki suke kwana, su wayi gari a kan shinkafa da dawa.

Mutanen ƙauyukan ba su zauna jiran gwamnati ba. Masunta da manoma sukan yi gayya, su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda suna yanke kachalla domin buɗe wa kwalekwale da ruwa hanya, aikin da sai an sake shi kowace shekara. A 1987 aka kafa shirin kare dausayin na Haɗeja da Nguru, a shekarar 2000 kuma aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta duniya ke karewa.

Audu Bako bai ga yawancin wannan ba. Ya sauka tare da Gowon a juyin mulkin watan Yulin 1975, kuma yana cikin gwamnoni goma daga goma sha biyu da binciken gwamnatin Murtala Muhammed ya samu da laifi a kan dukiya, abin da masu yabonsa ba su cika ambata ba. Ya koma noma a tsohuwar Jihar Sakkwato, ya rasu a 1980. Sakatariyar jiha da wani babban titi a Kano da kwalejin aikin gona ta Ɗambatta duk suna amsa sunansa.

Kogin Jama'are shi ne babban reshen da har yanzu ba a datse ba. Tun zamanin Shugaba Shehu Shagari aka fara aikin madatsar Kafin Zaki a kansa, a ƙasar Ningi, aka dakatar, kuma maganar takan taso duk bayan 'yan shekaru. Masu goyon baya a Bauchi suna nuna Kadawa da Kura, suna cewa su ma a ba su irin ta Audu Bako. Mutanen Yobe da Borno suna nuna kachallar Nguru. Fadamun Itas suna ƙasa da wurin da aka zaɓa, kuma ambaliyar da ke rushe gidajensu a wasu shekarun ita ce dai take shayar da gonakinsu na rani.