Georg Simon Ohm: Ɗan Maƙerin da Ya Auna Wutar Lantarki

A kan iyakar Jibiya, inda manyan motoci kan tsaya kafin su ƙetara zuwa Maraɗi, masu gyaran wutar mota suna aiki kullum da wata ƙa'ida ta lissafi, ko da ba su san sunan mai ita ba. Mai ita kuwa wani malamin makaranta ne Bajamushe, wanda ya sha wuya ƙwarai kafin a yarda da shi.

An haifi Georg Simon Ohm ran 16 ga Maris, 1789, a garin Erlangen ta ƙasar Jamus. Mahaifinsa maƙerin kwado da makulli ne, wanda bai yi zurfi a makaranta ba, amma ya koya wa kansa lissafi har ya iya koyar da 'ya'yansa a gida. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara goma. Cikin 'ya'ya bakwai uku kaɗai suka rayu, har da ƙanensa Martin, wanda shi ma ya shahara a fannin lissafi.

Cikin 1805 ya shiga Jami'ar Erlangen, sai ƙuruciya ta ɗebe shi, ya mai da hankali ga raye-raye da wasanni. Da uban ya ga kuɗinsa na tafiya a banza, sai ya tura shi Suwizalan, inda ya kama aikin koyar da lissafi cikin 1806. Wannan horo ya yi masa rana, domin a can ya duƙufa ga karatun littattafan manyan masana lissafi shi kaɗai. Ya komo Erlangen ya sami digirin dakta cikin 1811, amma babu kujera a jami'a mai albashin kirki. Tilas ya ci gaba da koyarwa a makarantun sakandare, a Bamberg, daga baya kuma a Kolon tun daga 1817.

Makarantar Kolon tana da ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki, a nan ne ya fara binciken wutar lantarki. Matsalar da ta fara tare shi ita ce baturan zamanin, waɗanda ƙarfinsu kan ragu tun ana cikin awo. Bisa shawarar wani masani, Poggendorff, sai ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut, ya tsoma mahaɗi ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayan a ƙanƙara. Wannan ya ba shi wuta mai tsayayyen ƙarfi. Ya riƙa sauya wayoyi masu tsawo daban-daban, yana duba yadda allurar maganaɗisu ke karkata. Ya lura cewa gwargwadon tsawon waya gwargwadon raguwar wutar da ke bi ta cikinta.

Abin da ya gano ya rataya ne a kan abubuwa uku: ƙarfin da ke tura wuta, wanda yau ake aunawa da bolt, yawan wutar da ke kwarara, wanda ake aunawa da amfiya, da kuma turjiyar da waya ke yi wa wutar. In an raba ƙarfin turi da yawan kwarara, abin da ya fito shi ne turjiya. Misali, in baturin mota mai bolt 12 ya tura amfiya 2 ta cikin ƙwan fitila, turjiyar ƙwan ta zama 6. In kuwa aka riɓa 12 sau 2, sai a sami wat 24, wato ƙarfin da ƙwan ke ci. Wannan ɓangare na biyu ya daɗa fitowa fili ne da binciken Baturen Ingila James Joule a kan zafin da wuta ke haifarwa cikin waya. Da irin wannan lissafi ake sanin kaurin wayar da ta dace, don kada ta yi zafi ta ƙone.

Cikin 1827 Ohm ya buga littafinsa a Barlin, yana sa ran zai buɗe masa ƙofar jami'a. Ina! Masanan ƙasarsa da yawa suka yi watsi da shi, domin ba su saba ganin an bayyana ilmin lantarki da lissafi zalla ba. Ransa ya ɓaci, ya ajiye aikinsa na Kolon, ya zauna a Barlin shekaru yana ƙaramar koyarwa cikin ƙuncin rayuwa, sai a 1833 ya sami aiki a kwalejin fasaha ta Nurembag.

Yabo daga waje ya fara zo masa. Cikin 1841 Ƙungiyar Masana ta Sarauta da ke Landan ta ba shi lambar Copley, sannan na gida suka farga. An kira shi Munik cikin 1849, aka naɗa shi farfesan kimiyyar fiziks a jami'arta cikin 1852. Hausawa kan ce mahaƙurci mawadaci, sai dai shekara biyu kacal ya yi bisa kujerar da ya daɗe yana nema. Ya rasu ran 6 ga Yuli, 1854, bai taɓa aure ba.

Cikin 1881 taron masana lantarki na duniya da aka yi a birnin Faris ya tabbatar da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya. Saboda haka duk lokacin da mai gyara a Jibiya ya ɗora na'urar awo a kan waya ya karanta om kaza, sunan ɗan maƙerin Erlangen yake ambata.