Madhubala, tauraruwar rigar Anarkali

A Delhi aka haifi Mumtaz Jehan Begum ran 14 ga Fabrairun 1933. Tun tana ƴar shekara tara take taimakon gidansu da kuɗin fim, kafin duniya ta san ta da Madhubala.

Ana yawan kwatanta ta da Marilyn Monroe ta Amurka, don dukansu da shekara 36 suka rasu. Adonsu dai ya sha bamban. Marilyn matsattsiyar riga ta fi so. Ita kuwa, a fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960, doguwar riga ta sa, mai bajewa in ta juya. Har yau teloli na kiran ɗinkin Anarkali, sunan baiwar da ta fito a matsayinta.

Da ciwon zuciya ta yi wannan rawar, ciwon da ya kwantar da ita shekaru. Ta rasu a Bombay ran 23 ga Fabrairun 1969.